Rufin da Bai Tsage Ba

Injiniyan Rami muke kiransa a nan Pantai Dalam, unguwar da muke zaune a wannan ƙasa ta gabas mai nisa, kuma ni na raɗa masa sunan, Allah Ya yafe mini. Sunansa na yanka Abdulwahidu Na'Allah, mutumin Zamfara, dogo siriri, mai tabarau da kullum ke zamowa kan hanci. Shekara shida ke nan da aka turo shi karatun digiri na uku, ya zo da matarsa Hureira da 'ya'ya biyu, suka kama gida a hawa na tara, ƙofarsu tana kallon tawa. Ni ɗan kasuwa ne, yadi da mayafai nake saya a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ina aikawa Kano, ba ruwana da boko. Amma duk wanda ya zauna shan shayi da Abdulwahidu a mamak, wato shagon shayi da abinci na nan, sai ya yi karatu, ko yana so ko ba ya so.

Abin da yake nazari shi ne ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da sojoji ke ginawa don bam kada ya same su. Aikinsa ya zuba kankare, ya jira shi kwana ashirin da takwas ya yi ƙwari, sannan ya sa inji ya murƙushe shi, ya rubuta inda ya fara tsagewa. Na sha ce masa ban taɓa ganin wanda aka ɗauko tun daga Najeriya don ya gina abu ya fasa ba. Sai ya yi dariya, ya jawo takardar goge baki ya hau zane. A wurinsa na ji cewa ƙasar da ke saman rami ita ke shanye girgiza, kankare da rodi su riƙe abin da ya rage. Akwai bam ɗin da aka ƙera don ya huda ƙasa ya shige can ciki kafin ya tashi. Na nukiliya kuwa, in ya faɗo maka a ka, sai dai in kana can cikin dutse, amma in nesa ya faɗa, rami mai kyau zai iya fitar da mutum. Ran nan na tambaye shi yadda mutanen ciki suke numfashi.

"Wannan ba ya cikin scope ɗina lah," ya ce, yana kaɗa hannu, har da "lah" ɗin da mutanen nan ke ƙarawa a ƙarshen magana. "Ni structure nake yi, ƙarfin gini. Iska aikin wasu ne."

Duk wannan surutu nasa, abu ɗaya ne a ransa, mahaifiyarsa Inna Bintu. 'Yan bindiga sun matsa wa ƙauyensu, in sun shigo kowa sai ya yi daji, ita kuwa gwiwoyinta sun daina gudu tun tuni. Ya roƙe ta ta koma Gusau har ya gaji. Ta ce a gidan nan aka kawo ta amarya, daga nan za a ɗauke ta. Hureira ta gaya wa matata cewa in waya ta yi ƙara yana cin abinci, lomar da ke hannunsa ba ta kaiwa baki.

Sai ya yi abin da ya iya. Ya zana ɗan ƙaramin ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ya tura wa ƙanensa Munzali, wanda dama magini ne. Da rani ya kama, Munzali ya haƙa a bayan ɗakin Inna, ya ce wa maƙwabta shadda ce. Abdulwahidu yana nan yana kallon aikin ta waya, yana sa shi ya auna tsakanin rodi da rodi da taƙin hannunsa, in bai yi ba a kwance a sake. Ƙofar tana ƙarƙashin gadon Inna, da sakata daga ciki. Na iska kuwa bututu guda ya sa, ya fito can jikin danga. Abdulwahidu ya kafa wa tsohuwar sharaɗi, ya maimaita mata har ta haddace: komai ta ji a waje, kada ta zare sakata sai ta ji muryar Munzali.

Sau biyu aka shigo garin, sau biyu tana fitowa lafiya, har da tsiyar cewa ɗanta ya tafi ƙasar Sin ya koyo binne uwarsa da rai. Ita duk gabas Sin ce. Ban taɓa ganin Abdulwahidu cikin farin ciki irin na lokacin ba. Har ƙiba ya fara yi.

Bayan kaka sai Munzali ya shiga damuwa da bututun, don ya tsaya tsirara a jikin danga, mutane sun fara tambaya. To kowane gida a can, in an gama girbi, tara karan dawa da harawa ake yi a jingine a danga saboda dabbobi. Sai ya tara nasu a kan bututun, ido ba ya gani, iska kuma tana ratsawa. Ya ɗauki hoto ya turo. Abdulwahidu ya nuna mini a mamak yana murmushi, ya ce ƙanensa ya fi shi kai. Ni ma na yaba, har na ce a gaishe shi. Wannan yabon yana damuna har yau.

Ranar wata Talata suka shigo da sassafe, mu nan an yi azahar. Munzali ya saukar da Inna da 'yarsa Ruƙayyatu mai shekara bakwai, wadda ba ta rabuwa da kakarta, ya ja gado, ya bi maza daji. Maharan ba su san da ramin ba, ba su ma neme shi ba. Sun kora shanu, suka cinna wa harawar kowane gida wuta kamar yadda suka saba, suka tafi. Da Munzali ya dawo ya yi kira ba a amsa ba, sai da aka ɓalle ƙofar da diga. Hayaƙi ne ya bi bututu ya cika ɗakin. An same su zaune a jingine da bango, yarinyar a kan cinyarta, sakata tana nan yadda aka ce ta bar ta.

A ranar aka yi jana'iza, shi Abdulwahidu yana nan hawa na tara a kan tabarma, muna shiga muna fita. Bai yi kuka a gabanmu ba, ni ne ma na kasa riƙewa. Bayan wata huɗu ya kare kundinsa, aka ce malaman sun yaba ƙwarai, ya zama dakta. Ban ƙara kiransa da sunan nan ba, wasu kuma da suka saba sai na harare su.

Yau kusan shekara guda. Hureira ta ɗaure kaya a kwali sau uku, sau uku tana kwancewa, don ya ce ba zai iya haɗa ido da Munzali ba, kuma Munzali bai taɓa faɗa masa magana marar daɗi ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Wata jami'a a gida ta kira shi koyarwa, bai amsa ba. Jirgin ƙasa ma ya daina hawa in layin zai nutsa ƙarƙashin gari, sai ya sauka ya jira bas a rana. Ya rame har tabarau ya daina tsayawa. Ina ba shi haƙuri, ina ce masa kwana ne ya ƙare, ya ce haka ne, kuma na san bai ji ba.

Makon jiya bayan la'asar na same shi a mamak, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Ya miƙo mini waya. Ashe ya sa Munzali ya share toka, ya shiga da fitila ya ɗauko masa hoton rufin daga ciki, kusurwa zuwa kusurwa.

"Alhaji, duba da kyau. Ka ga tsaga?"

Na duba, na buɗe hoton da yatsu na sake dubawa. Na ce ban gani ba.

"Ko ɗaya babu," ya ce. "Da bam suka jefa mata, da yanzu tana nan tana yi mini tsiya."