Yadda Na Ci Janar da Yaƙi a Bukan Sidi

Ni da Janar taubasai ne, babata ƙanwar babansa ce. Rana ɗaya aka kai mu firamare a Lafiya. Ni na ga ilimin ya ishe ni a aji huɗu, na bar wa mabuƙata sauran. Shi da yake kansa ba ya ɗauka da wuri, sai da ya yi ta karatu har ƙasar waje, duk don a koya masa tafiya da hagu da dama, abin da nake yi tun ina shekara biyu.

Shekara talatin da biyar yana soja. Ya yi Kaduna, ya yi Legas, an tura shi Laberiya raba faɗa, ya dawo da tabo a cinya da taurari a kafaɗa. Ni kuma da Lafiya ta zama babban birnin jiha na samu aikin masinja a ofishin gwamnati, inda ni ma ba a shiga wajen oga sai da izinina.

Da ya yi ritaya ya dawo unguwarmu Bukan Sidi, ya ce yana son ya ƙarasa kwanansa cikin mutanensa. Mutanen nasa mu ne, tsofaffi bakwai masu dara a gindin mangwaro bayan La'asar. Ranar da ya fara zuwa kowa ya miƙe. Wani dillalin shanu, wanda bakinsa bai bar liman ba, ya koma ba ya cewa komai sai "ranka ya daɗe". Aka ba Janar duwatsu, aka zauna wasa, ya ci. Washegari ya ci. Wata biyu yana ci. Na ga tela, gwanin unguwa, ya ga layi uku a buɗe ya kau da kai kamar ya ga surukarsa.

Ni ba na cikin masu karawa da shi, don a majalisar an daɗe da yanke hukuncin cewa wasa da ni ɓata rana ne.

Wata Juma'a ya same ni a gida, ya ce zai rufe gidansa ya koma Kaduna. Wai tun yana Kanar rabon da wani ya ce masa ya yi kuskure, ya zaci a gida zai huta da wannan, ashe wani barikin ya dawo. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Na ce ya bari sai bayan La'asar.

Da muka je na ture tela, na zauna.

"Bawana, zo nan in ga abin da gwamnati ta koya maka."

Dillali ya yi ta taka mini ƙafa. Ban kula ba. Na yi wasana yadda na saba, wato ba tsari ba dabara. Shi kuwa ya jera duwatsunsa reras kamar fareti, ya bar gefe a buɗe. Kafin a jima na kwashe su.

To, dokarmu ita ce wanda aka ci shi ke share fage ya sake tona ramuka da yatsa. Tela ya yi wuf zai tona masa, na riƙe hannunsa. Janar ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya shiga tono, har yana auna tsakanin ramukan. Dillali ya daure, ya daure, abin ya fi ƙarfinsa.

"Ranka ya daɗe, wannan fa ko jikata tana cinsa. Da haka kuka tsare ƙasar?"

Janar ya yi dariya har da tari, ya ce a sake. Tela ya ci shi sau uku kafin Magariba, ba ko sannu.

Bai koma Kaduna ba. Shekara shida ya yi a gindin mangwaron nan kafin ƙafa ta hana shi fita, muka mayar da dara ƙofar gidansa. A tsawon wannan zama ya ci wasa sau huɗu da guminsa, dukansu a kaina, kuma ina da shaidu cewa ranakun ina fama da mura.