Makwarwar Ƙanƙarar Yaya Rakiya

Takalma na fara gani. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 1986, na hau benenku a unguwar Badi'a ta Riyad da hantsi, da ƙyallen surfanina a jaka, sai na tarar da takalman mata jere a ƙofa, a lokacin da ba a ziyara. A gefe ga fararen takalmanki na aiki, alhali ya kamata a ce suna asibiti tare da ke. Ban ƙwanƙwasa ba. Na zauna a kan matakala ina salati. Daga baya Huseina maƙwabciyarki ta ce mini zuciyarki ce ta tsaya, bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Rakiya, karatuna bai wuce firamare ba, amma zan rubuta abin da na sani. Shekara huɗu ke nan da aka kai ni haihuwa, ban iya Larabci ba, maigida kuma yana can yana tuƙa motar kafilinsa, wato ubangidansa na aiki. Ina kuka sai wata nas ta dafa goshina ta ce, "Sannu ƙanwata, 'yar ina ce?" Ke ce nas ɗin. Tun daga ranar ban sake zama baƙuwa a Riyad ba.

Ke kika ba ni labarin wata tsuntsuwa. Kin ce lokacin karatunki a Sikotlan kun hau wani dutse, kika kusa taka ta, ba ki gan ta ba sai da ta ƙyafta ido. Ba ta da suna a Hausa, sai kika raɗa mata makwarwar ƙanƙara. Da bazararsu ruwan ƙasa ce mai ɗigo-ɗigo, sak duwatsun da take kwanciya a kai. Sanyi na matsowa sai ta koma toka-toka. In dusar ƙanƙara ta rufe dutsen, ta zama fara fat, sai baƙin ido da ɗan baƙi a jela. Gashi har kan faratanta, kamar an sa mata safa. Sauran tsuntsaye su gudu ƙasashen ɗumi, ita ta tsaya, ta tona rami cikin ƙanƙarar ta kwana, ta fito ta tsattsagi tohon ƙananan itatuwa. Gaggafa ta gifta a sama, ta lafe, ko motsi.

Muna zaune a kwarin Hanifa wajen Dir'iyya wata Juma'a kika faɗa mini wannan. Na ce, "Yaya, wa ke gaya mata lokacin sauya kaya?" Kika nuna sama da cokalin shayi. Kika ƙara da cewa shekarar da ƙanƙara ta makara, tsuntsuwar ta riga ta yi fari a kan baƙin dutse, kowa na hango ta. Ban san a lokacin kin riga kin ji abin da likita ya faɗa miki ba. Gajiya kawai kike ce mana.

Kin roƙe ni in yi wa 'yarki Jamilatu surfanin tsuntsuwar cikin kayanta uku a zanen gado, da sunan da kika raɗa mata da Hausa a ƙasa, tunda bakin yarinyar ya fi karkata ga Larabci. Kika ba ni hotuna uku da kika ɗauka da hannunki. Biyu na gama su. Na ukun ƙanƙara ce zalla da 'yan duwatsu. Na juya shi sama da ƙasa, na kai shi gaban taga, ban ga komai ba. Da na faɗa miki, sai kika ce:

"Sailuba, ke da ke zura zare a allura ba tabarau? Tana nan zaune tana kallon ki!"

"To ki nuna mini mana, Yaya."

"Na ƙi! Nemi dai. In kin gaza, Juma'a zan ɗora miki yatsa a kanta."

Jiya Jamilatu ta ja gefen abayata ta ce, "Khala, wen tsuntsun Mama na uku?" Wato, Inna, ina yake? Babanta Injiniya Bashari ya duba hoton, shi ma bai gani ba. Ya ce ba ki taɓa nuna masa ba. Nan da kwana tara zai mayar da ita Gusau wurin kakarta.

Allah ya jiƙan ki, Yaya. Wanda ya suturta ƙaramar tsuntsuwa a kan dutse ya lulluɓe ki da rahamarsa, ya haskaka kabarinki. Injiniya, Jamilatu, Hajiya da dangi na Gusau, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Na sayi farin zare, na bar mata gurbi a tsakiyar zanen. Har yau ban gano ta a hoton ba, kuma ban soka allura ba.