Biron Kaka Mai Mata Huɗu a Ciki

Ni dai karatuna bai wuce aji uku ba, amma tun ina ƙarama na san biro mai launi huɗu. Kawu Bala, malamin firamare a Gummi, shi ya manta da nasa a gidanmu, Kaka kuwa ta ƙulle shi a haɓar zane ta ce ya zama nata. Ko alif ba ta iya rubutawa, sai dai tatsuniya take yi mana da shi.

Bayan magariba, in an sauke tuwo garwashi ya rage a murhu, sai mu kewaye ta. Ta ɗaga biron saitin wuta, ta danna kunne ɗaya, ƙas! baki ya leƙo. Ta danna wani, na farko ya koma da kansa. Wallahi numfashi nake riƙewa. Wa ya gaya masa ya koma?

"Ku matso, 'yan banza," in ji ta. "Ga ta nan ta hito ɗaki."

"Ta zo mu gan ta, Kaka!"

Wai wasu mata huɗu ne 'yan uwa ɗaya, a ɗaki mai ƙofa ƙarama, sai ɗaya ta shiga ɗaya ke fita. Baƙa ce ke rubuta sunan jariri. Shuɗiya ce ke raka yara makaranta. Koriya ba ta san wata magana ba sai "lafiya lau". Ja kuwa ba ta fitowa sai in akwai matsala, don haka mutanen gari suka tsane ta, suka ce ita ke jawo musu masifa, suka ɗaure ta da igiya. Ana nan sai rijiyar gari ta lalace. Ja ta gani ta kafar ƙofa, ta yi ta ihu, ba wanda ya kwance ta. Koriya ta fita tana ta "lafiya lau", yara na ta shan ruwan suna kwantawa. Sai da wata tsohuwa ta yanke igiyar, Ja ta ruga ta zagaye bakin rijiyar da jan layi, sannan sauran suka tsira.

"To mi ta yi musu?" Kaka ta tambaye mu. "Ita ta ɓata ruwan?"

Ta danna, ƙas, ta ce duk sun shige ɗaki, kowa ya tashi ya wanke hannu.

Bara aka zo garinmu kusa da Anka ana gwada jinin yara saboda gubar dalma. Mijina dutsen zinariya yake niƙawa, ashe dalmar a cikin ƙurarsa take, da ƙurar a rigarsa yake shigowa, 'yata Hauwa'u mai shekara uku ta ruga ta rungume shi. Da layi ya zo kanmu, sai na ga biro irin na Kaka a hannun ma'aikaciyar lafiya mai rubuta sakamako a kati. Ban iya karanta katin ba, babban yatsanta nake kallo. Ya wuce kore, ya sauka a kan ja.

Na ce, "Malama, don Allah ki rubuta da shuɗi."

Ta dube ni. "Ke, ɗiyar nan taki ce ko tawa? Jibi ki kawo ta asibiti a hwara magani."

Na koma gida na tura katin ƙarƙashin tabarma. Maƙwabciyata ta ce katin ɗanta ma ƙarƙashin tabarma yake, yaro na wasansa mi za a kai shi nema, ga hanya ba tsaro. Kwana biyu ina taka wurin. Ranar da aka ce mu je, ina hura wuta da safe, garwashi ya yi ja, sai na ji muryar Kaka kamar tana bayana: ita ta ɓata ruwan? Ashe ni ma igiya na ɗaura. Na ɗaga tabarma, na goya Hauwa'u, muka hau babur.

An daɗe ana magani. Yanzu babanta a waje yake wanka ya sauya riga kafin ya shigo. Har yau ina mamakin tsohuwar da ba ta taɓa rubuta komai ba, ta ajiye mini magana shekara da shekaru sai ranar da na buƙace ta.

Na saya wa Hauwa'u irin biron a kasuwar Anka. Tana zane da ukun yadda ta ga dama. In ta kai yatsa kan jan, nakan riƙe hannunta in ce, "Bar wagga ta huta. Ranar da ta hito, saurarenta za mu yi."