Tsakuwar da Na Jefi Hajjo da Ita

Kakarmu Inna Ige ba ta fara tatsuniya sai an sauke tukunyar tuwo, garwashin kara na da sauran ja cikin murhu. Mukan zagaye ta, tsakar gida duk ƙamshin gabun albasa da anka shanya. Ba ta dariya in tana ba da labari, mu ma sai mu kama bakinmu.

"Ga ta nan tahe," takan ce.

"Ta iso, Inna."

A wani gari, in ji ta, akwai tulin duwatsu bakin hanya. Duk mai wucewa sai ya ɗauki dutse ya ƙara. Ba wanda ya san dalili, haka sunka taras. Shekarar da rijiyoyi sunka ƙafe, wata mace ta kara kunnenta ga tulin, ta ji ruwa na motsi ƙarƙashi. Sai ta kama kwashe duwatsun. Mutane sunka ce ta haukace, za ta jawo masu bala'i. Sunka ɗebi duwatsun da ta kwashe, sunka yi ta jifarta. Ƙanwarta na cikin taron. Ba ta son yin jifa, amma idanun gari na kanta. Sai ta zaɓi 'yar tsakuwa kamar ƙwayar wake, ta wurga a hankali.

Nan Inna takan tsaya ta dube mu. "To, dutsen wa ya kashe ta?"

Mu ce na maƙerin garin, shi ke da ƙarfi.

"Ba ku san komi ba. Manyan duwatsun ta san da zuwansu. Tsakuwar ƙanwarta ita ta hana ta tashi."

Ni ko sai in ce a raina ba zan taɓa yin jifa ba. Yarinta ke nan.

Na girma, na yi aure wani ƙauye kusa da Shinaka, na haifi ɗiya, na ga jikoki. Shekaru da dama wata Bafillata, Hajjo, ke kawo mani nono daga rugarsu. Ba ciniki tsakaninmu. Ta aje ƙwaryarta cike, in juye, in cika mata da gero. Wurinmu ba a mayar wa mutum ƙwarya babu komi, ko da gishiri ne a sa.

Sai ɓarayin daji sunka shigo ƙasarmu. Sunka kashe mana mutane. Ba a yi shela ba, maigari bai ce uffan ba, amma mata sunka daina amsa sallamar Fillani. Ni na san ɓarayin nan sun kore shanun Hajjo, sun harbe ɗanta, saniya biyu kawai sunka rage mata. Da ƙafata na je gaisuwa. Geron gidana shi jikokinta ke ci.

Bakin rijiya maƙwabciyata Kulu ta ce, "Gwaggo, mi nike ji? Har yanzu nononsu kike sha? Ko tsamin jini ba ya damunki?" Matan sunka juyo suna kallona.

Da hantsi Hajjo ta yi sallama. Kulu na leƙe ta danga. Ban zagi Hajjo ba, ban kore ta ba. Na karɓi nonon, na juye, na wanke ƙwaryar, na miƙa mata. Na ce wa zuciyata ai ban yi mata komi ba.

Ta daɗe tana duban cikin ƙwaryar.

"Yaya, kin wanke ta tas," ta ce. "Sannu da aiki."

Ta kifa ta bisa kai ta fita. Kafin damina rugarsu ta tashi, ban san inda sunka nufa ba.

Yanzu ni ce ke zama bakin murhu. Jikokina sun ji ta gizo, sun ji ta kura. Jiya ƙaramar ta ce uwarta ta gaya mata akwai wata ta tulin duwatsu.

Na ce mata na manta ta.