Dangwalin Baffa Ori

Tashi daga Kaduna

Ba a kira asuba ba na kulle ɗakina a Kakuri na nufi tashar motocin Kafanchan, da jaka ɗaya da ɓacin rai. Watan Nuwamba ne, a farkon shekarun casa'in, ina aikin jinya a wani asibiti a Kaduna. Abin da ya tashe ni saƙon yayana Bulus ne: ya sami masu buga bulo da za su sayi gonar marigayi Babanmu su haƙe ta, Mama ta ƙi cewa uffan, in ina da ta cewa in zo kafin Kirsimeti. Ina da ta cewa mana. Duk gidanmu an san ni da hakan tun ina ƙarama.

Fijo muka samu, tsohuwa, wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai daga waje. Lokacin ana wahalar mai, kuɗin mota ya ninka, ga jarkokin mai biyu a bayan motar suna ta turo mana wari. A shingen farko bayan mun fita gari ɗan sanda ya leƙo, ya ga farar hular aikina a saman jaka, ya ce mu wuce. Daga nan direba ya ɗauko hular ya ajiye ta a gaban gilashi, duk shingen da muka isa sai ya nuna ni ya ce Sista ce yake kaiwa wurin marar lafiya. Na ce masa ya ji tsoron Allah.

"Sista, ba gona kika ce tana ciwo ba?" in ji shi. "Ai ban yi ƙarya ba."

A Kaciya muka karya da ƙosai da kunun gyaɗa. Ana tsakiyar tonon citta, mata sun baje ta a kan duwatsu suna tsagawa. Na lura gonakin cittar nan, da ake lulluɓe su da ciyawa da ganye tun daga shuka, ƙasarsu baƙa ce har yanzu. Amma tsakanin Kaciya da Zonkwa na ga abin da ban saba gani ba: buhunan gawayi jere a bakin hanya, da kwazazzabai inda a da kurmi ne. Fasinjoji suka yi ta zancen damina, cewa ta zo a makare ta kuma ɗauke da wuri, zafin rani kuwa ya fi na da.

Kafanchan da gida

Da rana tsaka muka shiga Kafanchan. Na bi ta tashar jirgin ƙasa da gangan. Muna yara, jiniyar jirgi ce agogonmu, masu lemo da rake suna gudu a gefen tarago. Ranar nan awaki na tarar kwance a kan layin dogo. Ban tsaya ba, don in na tsaya kuka zan yi a gaban mutane. Na hau akori-kura mai zuwa ƙauyenmu, a bayan dutsen Kagoro.

Kafin in shiga gida na biya ta gonar. Da ban je ba. Dawar ba ta kai ƙuguna ba, wuta-wuta ta mamaye ko'ina da jan furenta, ƙasar ta yi fari ta yi tauri kamar daɓen ɗaki. Na sa diddige na kankare ta, ko tana ɗaya ban gani ba. Wannan gonar ce fa muke nutsewa a cikinta har idon sawu bayan ruwan farko, mu koma gida Mama ta yi ta faɗa a kan ƙafafunmu.

Yaya Bulus malamin firamare ne, mutum mai son tsari, wanda ko tsintsiya a gidansa tana da ƙusarta. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma gaskiya ba shirme ya faɗa ba. Shekarun farko da ya kawo takin zamani gonar ta yi abin mamaki. Daga baya sai an ƙara buhu kafin a sami abin bara, yanzu kuma takin ma ba ya samuwa sai wanda ya san wani. Ga yaransa suna makaranta, ana neman kuɗi. Ƙasar da ta mutu, in ji shi, gara a yi bulo da ita. Na ce masa shi ma in ya tsufa a yi bulo da shi. Bai yi dariya ba.

Mama ba ta sa mana baki ba. Sai da safe, muna sussukar acca mu biyu, na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina: ina Baffa Ori?

Baffa Ori Bafulatani ne, abokin Babanmu. Kowace kaka, da an gama girbi, sai ya sauko da shanunsa gonarmu su yi rani a can. Ba a ƙona kara a gidanmu a lokacin. Shanu su ci karan, su bar mana kashi da fitsari, shi kuma bayan 'yan kwanaki ya matsa da garken gaba, har sai ya zagaye gonar kaf. Mama ta ba matarsa hatsi, ita ta ba mu nono. In damina ta kusa za su tashi, sai ya naɗe dangwalinsa, wato doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa, ya miƙa wa Baba a rataye a rumbu. Ma'anarsa zai dawo. Haka uban Ori ya yi da kakanmu. Duk mun ɗauka rikicin da aka yi a gari shekarun baya ne ya kore shi, don daga wannan shekarar ba mu sake ganinsa ba.

Mama ta ce ba rikici ba ne. Ta ce bayan rasuwar Baba ta shiga rumbu wata rana ta tarar babu dangwalin. Wato, a ganinta, Ori ya zo a ɓoye ya ɗauke abinsa, ko sallama babu, don ya ga gidan ya koma hannun mace. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba saboda kunya.

"Ba zan roƙi wanda ya raina ni ba," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Na ce ni zan je. Ta ce ba ita ta aike ni ba. Amma da na ɗauki jaka na ji ta yi nauyi, na buɗe na ga ƙullin acca.

Neman hanya

A Kafanchan na sauka wurin Mama Ngozi, uwar ƙawata ta makaranta. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, tun daga gabas suka zo suka tsufa a nan, tana da ɗan gidan abinci kusa da kasuwa. Ta cika mini kwano da sakwara da miyar agushi, ta tsaya a kaina sai da na gama. Da ta ji abin da ya kawo ni, ta ja ni har inda masu nono ke zama, ta shiga tambaya da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji.

"Wannan yarinya yana neman Ori, mai shanu, dogo, kunne ɗaya ya yage. Wa ya san shi?"

Matan suka dubi juna. A shekarun nan ba a saurin faɗa wa baƙo inda ruga take, kuma ban ga laifinsu ba. Sai da na ambaci sunan matarsa, Inna Jumma, na kwatanta ƙwaryarta mai ɗinki a baki, sannan wata tsohuwa ta ce in nema wajen Gwantu, bayan rafi.

Gwantu

Washegari na shiga bas ta Gidan Waya. Mun fi ƙarfin motar, da mu da buhunan masara da akuya ɗaya da ta ci gefen zanena. Sau biyu muka sauka muka tura. Kafin azahar muka isa Gwantu, ranar kasuwa, doya tuli-tuli. Na sha kunun tamba a tsaye, na sami ɗan acaɓa da ya ce ya san rugar. Bai sani ba. Sai da muka yi ta zagaye cikin gonaki muna tambaya, a ƙarshe ya ajiye ni a bakin rafi ya ce daga nan sai ƙafa. Na tuɓe takalmi na haye.

Warin garken ne ya fara tarbata, hayaƙi da kashin shanu da madara. Na tsaya cak. Ban san ina kewar wannan warin ba sai ranar.

Inna Jumma ce ta gane ni, ta kira ni da sunan da suka sa mini ina yarinya, Mai Surutu. Baffa Ori yana zaune a inuwar ɗorawa, ya rame, gashi ya yi fari. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi Mama da yara, amma da sanyi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙon kasuwa. Na ajiye accar, na faɗi halin da gonar ke ciki. Daga nan bakina ya kufce mini, kamar kullum. Na ce ko da zai bar mu, ai da ya yi wa Mama sallama kafin ya ɗauke dangwalinsa.

Ya dube ni. Sannan ya yi wa Inna magana da Fulatanci, ta shiga bukka ta fito da igiyar, a naɗe, ta yi baƙi don tsufa.

"'Yata, ni ban ɗauka ba," ya ce. "Aiko mini da shi aka yi. Yayanki ya ba wata mai nono ta kawo mini. Wanda aka mayar wa dangwalinsa, me kuma zai je nema?"

Ya ce shekarar ce aka yi rikici, ya ɗauka mun shiga sahun masu cewa ba sa son ganin Bafulatani a gona, ga kuma takin buhu ya zo. Bai yi fushi ba, in ji shi, amma abin ya yi masa ciwo, don a gonar nan aka haifi babban ɗansa. Bai sake ɗaure maraƙi da igiyar ba, bai kuma iya yar da ita ba.

Shekara da shekaru tsofaffi biyu suna jin haushin juna, gona tana mutuwa a tsakaninsu.

Bai yi mini alkawarin banza ba. Ya ce shanunsa sun ragu, kuma ɗansa ne ke kora su yanzu, sai ya shawo kansa. Ya ce rani ɗaya ba zai tayar da ƙasar ba, sai an yi haƙurin shekaru, a daina ƙona kara, a bar 'ya'yan ɗorawa da suka tsiro, a sa wake da gyaɗa a huta da dawa tukuna. Da safe da zan tafi ya ɗora mini dangwalin a hannu.

"Ki kai wa uwarki. In ta rataye, zan ji labari."

Komawa

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai ɗan sandan Gidan Waya da ya buɗe jakata ya ga igiya ya tambaya ko satar shanu nake zuwa. Da yamma na isa gida. Yaya Bulus na fara tarewa a ƙofa, na zaro dangwalin na tambaye shi ko ya san wannan.

Ya sani sarai. Ya ce lokacin da yake share rumbu don ya jera buhunan taki ya ga wata tsohuwar igiyar Fulani, ya ce bai kamata a riƙe kayan mutane ba, ya mayar. Har yana jin ya yi abin kirki. A makarantar kwana ya girma, ba wanda ya taɓa gaya masa abin da igiyar ke nufi. Da na gaya masa, sai ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Na so in yi masa tas, amma tausayinsa ya kama ni.

Mama ta fito daga kicin ta ga abin da ke hannuna. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta shinshina, ta daɗe riƙe da shi. Bulus ya tashi da kansa ya ɗauko tsani ya jingina da rumbu, amma ta hana shi hawa. Da ƙafarta mai ciwo ta hau ta rataye shi a ƙusar da Baba ya kafa.

Na koma Kaduna lafiya, na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, da Mama Ngozi, da tsohuwar da ta amince ta nuna mini hanya, har da direban da ya yi kasuwanci da hulata. Shanun sun iso bayan Kirsimeti, masu bulo suka nemi wani wuri. Damina ta farko ba mu sami abin a-zo-a-gani ba, Bulus ya yi ta gunaguni. Sai a ta uku Mama ta aiko mini da dawa, da ɗan ƙullin baƙar ƙasa a leda, wai in gani da idona. Baffa Ori bai ga wannan dawar ba, ya rasu a ranin da ya gabace ta. Da ɗansa zai tashi da shanun a shekarar, Bulus ne ya bi shi har bakin gona ya ce kada ya tafi bai bar mana dangwalin ba.