Kwanon Inna da Na Mayar Babu Komai a Ciki

Shekarun baya, lokacin da ake aikin dam na Bakolori, muna zaune a Talata Mafara, ni da maigidana da yaranmu uku. Shi lebura ne a wurin haƙa hanyoyin ruwa, ni kuma ina tuyar ƙosai a bakin hanyar Bakura. A lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, amma akwai abin da nake taƙama da shi: kwanon mutum bai taɓa fita gidana babu komai a ciki ba. Ka aiko min da tuwo, kwanonka ya koma da ƙosai. Ka aiko da naman Sallah, ka saurari shinkafar Kirsimeti. Ban yarda wani ya fi ni hannu ba.

Ashe Allah ma haka nake yi masa. Ni ce sharar coci, ni ce ɗebo ruwa, ni ce farkon zuwa zumuntar mata. In fasto ya ce ceto kyauta ne, nakan ce amin da baki, a zuciya kuwa in ce: kyauta ga ragwaye dai, ni nawa da gumina na same shi.

Dangarmu ɗaya da wata tsohuwa Musulma, muna ce mata Inna. Daga wajen Maradun suka taso bayan ruwan dam ya cinye gonarsu. Satin da suka sauka na riƙa miƙa mata tuwo ta kan danga, ita kuma ta wanke kwano ta miƙo min haka nan da godiya. Ba zan ɓoye muku ba, na lura, na kuma ji daɗi. Ni ce a sama.

Sai wata shekara kurkunu ya kwantar da maigidana, ƙafa ta kumbura, aiki ya tsaya, tuyar ƙosai ma ta tsaya. Ranar Kirsimeti ta same mu da ɗan garin dawa a gindin ƙwarya. Na dama wa yara kunu, na ce yau ba mai zuwa coci saboda ƙafar babansu. Ƙarya ce. Bayan sujada a coci kowace mace kan kawo abin da ta dafa, ni kuwa gara in mutu da a gan ni hannu rabbana.

Da hantsi na ji sallamar Inna ta kan danga. Muka gaisa, ta tambayi mai jiki, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta miƙo kwano a rufe.

"Ban ga hayaƙi gidanku ba, ga shi yau ranar bukinku ce."

Na buɗe. Sabuwar shinkafa ce daga ɗan filin da ɗanta ke nomawa, da miyar albasa, da rabin zabo. Kun san abin da ya fara zo min a rai? Ba yunwar yarana ba. Cewa na yi, me zan saka a kwanon nan in zan mayar? Na rufe, na miƙa mata.

"Inna, mun gode, mun riga mun ci."

Autata na riƙe da zanena, idonta ya bi kwanon har ya tsallake danga.

Inna ta karɓi kwanonta. Jim kaɗan sai ga ta ta ƙofa. Ta kifa turmina ta zauna a kai, ta ajiye kwanon a gabana.

"Mi kunka ci?"

"Kunu."

"Ɗiyata, ran da munka sauka garin ga, kwana bakwai ina cin tuwonki. Da mi na maido miki kwano?"

"Ba komai, Inna."

"To ni ce marar kunya ke nan?"

Na kawar da kai, ta kayar da ni. Ni da ba a kayar da ni a magana ko a tasha.

"Ke bayarwa kika iya, amsa ce ba ki iya ba," in ji ta. "Kin fi son ɗiyanki su wuni da yunwa da a ce an yi miki alheri. Ni ba musaya na zo yi ba."

Daga ɗaki maigidana ya ɗaga murya: "Inna, in ta ƙi, turo nan. Ni na iya amsa."

Inna ta yi dariya. Ni kuwa hawaye ne suka zubo, don haushi da kunya. Na kira yara, muka zauna muka cinye tas.

Daga nan na ɗaura ɗankwali muka tafi coci, a makare, ba komai a hannuna. Na zauna a bencin baya. Fasto na faɗin abin da yake faɗi kowace shekara, cewa Allah ya ba da Ɗansa ga mutanen da ba su da abin ba shi. Ranar na ji shi. Shekara da shekaru Allah na miƙo min kwano, ina mayarwa a rufe, wai na riga na ci. Na sunkuyar da kai na ce, "Yesu, ba ni da komai. Na karɓa. Na gode." Addu'ar ke nan duka.

Da yamma na goge kwanon Inna da toka. Sai da na kama kaina ina lalube ko akwai ƙwai biyu a akurki, sannan na janye hannuna. Ban miƙa ta kan danga ba. Ta ƙofa na bi, kwano a hannu ɗaya, murfi a ɗaya, kowa na gani. Inna ta leƙa ciki, ta dube ni.

"Yau kin yi hankali," ta ce.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, na bi maganar Allah da yatsa, na ga da idona cewa ceto ba ladan aiki ba ne. Ban yi mamaki ba, a kan turmina aka fara koya min. Har gobe ina sharar coci, har gobe ina raba shinkafar Kirsimeti gida-gida, amma don murna nake yi, ba don in rama wa Allah ba. In kwanona ya dawo babu komai, na daina lura.

Ke da ke karanta wannan, mai ƙarfin hali irina, ba ki da abin da za ki saka a kwanon nan, kuma ba wanda ya ce ki saka. Sa hannu biyu ki karɓa.