Wuyan da Ya Ƙi Waigawa

Da faɗa kan ƙosai munka buɗe ranar, ni da Nasiru. Ɗan gwaggona ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka taubashina ne kuma bawana tun yana ciki, ko ya so ko ya ƙi. Ƙato ne na gaske. In ya hau bayan mashin ɗina, tayar gaba sai ta ɗaga tana gaida sama. Ni kuwa siriri ne kamar karan dawa, duk ƙarfina a baki yake. Sunana Sani, amma a tashar 'yan kabu-kabu ta Illela in ba ka ce Rediyo ba, ba wanda zai gane wa kake nema.

Ranar kasuwar Illela ce, ƙarshen damina, gero ya fi mutum tsawo. Ina gama sallar asuba na kama hanyar ƙauyenmu, can bayan Darna Sabon Gari, in ɗauko masa buhun tsohon wake. Gwaggo Hajo, uwarsa, wadda ta rene ni ni ma, tun jiya ta tafi Illela suna gidan ɗiyarta. Na sayi ƙosai a bakin rijiya, na aje kan kujerar mashin, na shiga jawo buhu. Kafin in fito ya share su.

"Bawa, wa ya ba ka izini?"

"Kai da cikinka bai kai na ƙadangare ba, mi za ka yi da su? Taimakonka na yi."

Hantsi ya fara ɗagawa. Mata na daka ta ko'ina. Na ɗora buhun, robobin ɗaure kaya biyu na hannuna.

Sai na ji ƙarar wasu mashina. Ɗan kabu-kabu da kunne yake gane mashin. Waɗannan sababbi ne, suna da yawa, kuma kowanne ya yi lodi fiye da kima. Akwai yashi kusa da rijiya inda kowa ke rage gudu. Su ba su rage ba.

Dakan ya tsaya. Duk gari, lokaci guda.

Tau. Tau. Sannan bindiga ta ɓarke ba tsayawa.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta! Ina shanu?"

Nasiru ya ruga turke ya kwance shanun huɗarsa. Na kira shi, bai juyo ba. Ya kai hannu ga igiya ke nan na ga ya zauna daɓas, kamar wanda anka ture a wasa. A cinya anka same shi. Wandonsa ya jiƙe kafin in isa.

Na ture buhun ƙasa. Ni da ko bokitin ruwa sai na yi masa ƙorafi, na ciccibi Nasiru. Har yau ban san yadda na yi ba. Na ɗaure cinyar da roba ɗaya. In za mu kai mara lafiya asibiti kan mashin, mutum na uku ke zama baya ya riƙe shi. Ranar babu na uku. Na zagaya ɗayar robar ta bayansa, na ɗaure a ƙirjina, kamar yadda nake wa kaya. Ya aza haɓarsa kan kafaɗata ta dama.

Mashin ɗina ba madubi. Mu ranar da ka sayi mashin ranar kake cire shi, in ba haka ba 'yan tasha su ce amarya ta zo kwalliya. Da wuya muke duba baya. Na fara juyawa in ga ko suna biye da mu.

"Kada ka waiga! Ja!" Nasiru ya ce.

Na ja.

Na bar hanya na faɗa cikin gero. Akwai 'yar siririyar hanya da muke bi da kaya in ba mu son gaisawa da masu shinge. Ganye na marina a fuska. Harbi a bayanmu, shanu na kuka, wani na ta kiran sunan ɗansa. Na wuce mutane suna gudu a duƙe. Inna Rabi mai ƙosai ta fito gabana da jikanta a baya, ta ɗaga hannu. Ta kira ni da sunana na yanka. Babu wuri. Na kauce mata na wuce.

Ƙarar ta riƙa raguwa. Ta koma kamar ana fasa itace daga nesa. Sannan sai injin kawai, da numfashin Nasiru mai ɗumi a gefen wuyana.

Na san in ya yi barci an gama. Sai na kunna rediyo. Na ce masa ƙosaina ne ya kama shi. Na ce harsashin ma yanzu yana can cikin kitse ya ɓata hanya yana tambaya. Na ce in mun isa likita zai ce a kawo sikelin shanu. Ya yi dariya, na ji ta a kafaɗata.

"Rediyo, Allah ya kashe maka batir," ya ce.

Can ya ce ƙishirwa. Na ce ya bari mu isa in saya masa kogi. Can kuma na ji yana motsa baki a kunnena, a hankali. Kalmar shahada ce. Na ɗaga murya na ci gaba da surutu.

Ga abin da wanda bai taɓa kabu-kabu ba bai sani ba. Mai rai, ko barci yake, in ka shiga kwana jikinsa na bin naka. Kaya ba ya bi. Kaya ja yake, kai ke riƙe shi. Da ido rufe zan gaya maka abin da ke bayana, mutum ko buhu.

Akwai kwana gindin wata tsamiya, kafin a gangara fadama. Na kwanta hagu. Bai biyo ni ba. Robar ta ja ƙirjina. Ɗumin da ke gefen wuyana ya ɗauke, iska ta maye wurin.

Ban waiga ba. Na ba shi labarin ranar da na ɗauko raƙumi daga Konni a kan mashin. Na ba shi na matar da ta haihu a bayana muna tafiya na caje ta kuɗin mutum biyu. Duk ƙaryar da na sani na zuba masa, har munka hau kwalta.

Rana ba ta kai tsaka ba munka shigo Illela. Kasuwa ta cika. 'Yan canji na ta kiran sefa, sefa, mai kankana na yanka kankana. Ba wanda ya ji kome tukuna. A ƙofar asibiti mutane sunka taru, wani ya sa wuƙa ya yanke robar. Nauyin ya sauka daga bayana. Na ji ana salati.

"Barci yake," na ce. "Malalaci ne tun yana yaro."

Ina zaune kan mashin, ina kallon bango.

Bayan la'asar anka yi jana'iza. Liman ya yi sallama, kowa ya juya dama. Nawa wuyan ya ƙi. Kamar an kafa ƙusa daga ƙarƙashin kunne zuwa kafaɗa, daidai inda haɓarsa ta zauna.

Ko ƙwarzane babu a jikina, amma ciwon nan ya hana ni barci, ya hana ni aiki. Mai mashin da bai iya duba baya gawa ce da ba a yi wa wanka ba. Na je wurin maɗori, ya lalube ni kamar mai sayen rago, ya ce ba karaya ba targaɗe. Wanzami ya yi min ƙaho har bayana ya koma kamar kaskon waina. Ƙwayoyin da na haɗiya, in ka girgiza ni sai ka ji ina kacau-kacau. Shiru.

Ciwon kuma yana da kunne da hanci. In mashina da yawa sunka wuce tare, sai ya tashi. In na ji ƙamshin ƙosai, ya tashi. In wani ya yi dariya kusa da kunnena na dama, ranar sai kwanciya. In ina cikin 'yan tasha ina zuba, yakan lafa. Sai na ƙara zuba. Mutane na cewa Rediyo ya warware. Ina shiga ɗaki ƙusar ke dawowa.

A Sakkwato anka yi min hoto, ƙashi lafiya lau. Sunka tura ni wurin wata ma'aikaciya a ɓangaren gashin ƙashi. Ta taɓa wurin ta ce naman ya ɗaure kamar dutse. Ta ce in zauna, in sauke kafaɗa, in saki numfashi a hankali, ina saki ina juyawa. In na kai inda zafin ya fara, in tsaya nan. Kada in yi kokawa da shi, kada kuma in gudu. In lura da abin da ya zo min.

"Hajiya, abin da ke zo min kullum yunwa ce," na ce.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam Sani, wa ke bayanka ranar da abin ya fara?"

Na ce mata motar Illela za ta tashi.

A gida na gwada, amma irin tawa. Fizge-fizge kamar ƙadangare kan katanga. Ina jin zafin ya matso sai in tashi in nemi wanda zan tsokana.

Duk wannan lokaci ban je wurin Gwaggo ba. Tana nan Illela gidan ɗiyarta, don ƙauyen ya watse. Ranar zaman makoki na gaishe ta daga bakin ƙofa, shi ke nan. Ta aiko, na ce wuya. Ta sake aikowa, na ce na tafi Konni.

Wata la'asar ina salla a tsakar gida na ji an shigo. Na zo sallama, na juya duk jikina kamar tirela na kwana a lungu. Kafin in gama Gwaggo ta zauna bayana, ta dama, ta dafa kafaɗuna biyu ta mayar da ni gabas.

"Sani, dube ni."

"Gwaggo, bari in juyo da kyau. Injin ne ya..."

"Kanka kaɗai za ka juyo. Kuma rufe min bakin nan."

Tunda nake ba a taɓa kashe ni haka ba. Ba hanyar gudu, hannunta na kaina. Na saki numfashi yadda matar asibiti ta ce. Na fara juyawa, kaɗan-kaɗan. Ƙusar ta taso. Na tsaya nan. Na sake jan iska, na saki. Sai ɗumin ya dawo gefen wuyana. Numfashinta ne, na sani. Jikina bai yarda ba.

"Ya yi magana?" ta ce.

"Awo. Ya zage ni."

"Mi yac ce?"

"Wai Allah ya kashe min batir."

Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Ya samu shahada?"

"Ya samu. A kunnena ya yi ta."

"Ina ya cika?"

"Kwanar tsamiya."

Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kowa ya ɗauka a ƙofar asibiti ne.

"Ka sani lokacin?"

"Bayana ya sani, Gwaggo."

Abin da ya fito daga ƙirjina ba kuka ba ne irin na mutane. Ta bar ni na yi. Ba ta ce in yi haƙuri ba. Da ya lafa na lura kafaɗata ta sauko da kanta. Na saki numfashi, na ƙara juyawa. Na ga gefen mayafinta. Na ga kunnenta. Nan na tsaya, ranar ban kai ga idonta ba.

Yanzu kullum bayan asuba nakan zauna kan tabarma in yi shi, a hankali, baki rufe. Wata rana in ga har bangon da ke bayana. Wata rana, in an kwana ana maganar wani ƙauyen da anka shiga, ko kafaɗa ba na gani. Ƙusar ba ta fita ba, ta dai yi sako-sako. Ya isa in duba hanya. Na koma kan mashin.

Inna Rabi ba ta fito daga cikin geron ba. Jikan an tsince shi da rai. Limamin ƙauyenmu da ƙanensa, a bakin rijiya anka same su. Shanun sun tafi. Geron shekarar tsuntsaye sunka girbe shi. Nasiru na maƙabartar Illela, ba a garin da anka haife shi ba.

Kaya kaɗai nake ɗauka yanzu, albasa, shinkafa, jarkoki. In mutum ya ɗaga min hannu a bakin hanya, ko babu kome a bayana, sai in ce masa an riga shi.